Durowar Sama da Durowar Ƙasa

Ya ninke jaridar gida biyu, ya rufe kanun labarin da tafin hannunsa, ya bar hoton shi kaɗai a buɗe. Haka yake yi kowace safiya kafin ya karanta wa yayansa ko da harafi ɗaya. Yakan dubi fuskar da aka buga, sannan ya ce a ransa: sama, ko kuwa ƙasa.

"Auta, ka fara mana," in ji Yaya daga kujerarsa ta bakin taga. "Ko sai shayin ya zama ruwan randa?"

Shekararsa sittin da takwas, babu baƙi ko ɗaya a gemunsa, amma a wannan ɗaki har yau shi ne Auta. A waje kuwa Mai Hotuna ake ce masa, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaron ɗakin ajiyar hotuna na wannan jarida da ke hannunsa. Ɗakin yana ƙarƙashin matakala, babu taga, sai fanka mai kuka da warin tsohuwar takarda. A cikinsa akwai kabad na ƙarfe mai durowa biyu manya.

Duk wanda sunansa ke fitowa a jarida yana da ambulan biyu. A durowar sama ake sa hotonsa yana murmushi, ko ya dafa kafaɗar wani tsoho, ko ya sunkuya yana sauraro. A ta ƙasa kuwa ake sa wanda aka kama shi yana hamma, ko ido rabi a rufe, ko baki a wangame tsakiyar magana. Mai ɗaukar hoto zai kawo ashirin daga taro ɗaya, Mai Hotuna ya baje su a tebur ya rarraba. Da yamma Edita zai leƙo, ya ambaci sunan mutum, ya ƙara kalma guda, sama ko ƙasa. Ba a taɓa rubuta wannan ƙa'ida a ko'ina ba. Mai jaridar ɗan jam'iyya mai mulki ne, kowa a gidan ya san wanda ake so da wanda ba a so.

Babu hoton ƙarya ko ɗaya a kabad ɗin, da wannan yake lallashin zuciyarsa. In ya shiga bas da safe yakan ji wani ya nuna shafin farko yana cewa, "Dubi idon wannan, wallahi ɓarawo ne." Shi kuwa ya san ƙiftawa ce kawai mutumin ya yi. Sai ya kau da kai yana kallon titi, wani abu mai kama da alfahari yana motsi a ƙirjinsa.

'Ya ɗaya gare shi, nas ce a babban asibiti. Shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyarta, ma'aikatan asibitin suka shiga yajin aiki saboda babu magani, babu safar hannu, ita suka sa a gaba ta yi magana. A ranar aka zube masa hotunan taron a tebur, ya ga fuskarta. Hannunsa bai tsaya ba, ya rarraba kamar kullum. A ɗaya tana dariya, rana ta sauka a kuncinta. A wani kuma ta miƙa yatsa, jijiyar wuya ta tashi, baki a buɗe kamar za ta cinye wanda ke gabanta. Yana iya yaga shi, babu mai sani. Amma abin da yake tinƙaho da shi a gidan jaridar shi ne bai taɓa yaga hoto ba, bai taɓa ɓatar da ko ɗaya ba. Ya sa shi a ambulan.

Da yamma Edita ya leƙo. Bai san 'yar Mai Hotuna ce ba. "Matar nan ta asibiti," ya ce, "ƙasa." Kafin bakin Mai Hotuna ya buɗe, hannunsa ya riga ya jawo durowar.

Sau bakwai aka buga hoton a wannan shekara. Mutanen da ba su taɓa jin muryarta ba suka sa mata suna Mai Masifa. Sau ɗaya ta zo gidansa, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta cire takalmi ba.

"Baba, na san kabad ɗin nan," ta ce. "A kansa kake zaunar da ni ina ƙarama."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta gaya wa kowa ba, ba ta kuma sake zuwa ba, yau shekara shida. Yaya kuwa, wanda a dā shi ke kai ta makaranta a bayan kekensa, ya ga hoton ya ce ta zubar musu da mutunci. In ta aiko da gaisuwa, ya ce a mayar mata. Idonsa ya fara dushewa, sai Auta ya riƙa zuwa yana karanta masa. Tun da ya yi ritaya abokan aiki suka watse, gidansa babu motsin kowa sai na agogo. Wannan kujerar roba da ke gefen Yaya ita kaɗai ce wurin da ake jiransa a duniya, kuma ya san ranar da ya faɗi gaskiya zai iya rasa ta. Saboda haka yakan yi shiru in ana zagin 'yarsa, ya juya shafi.

Yau da ya ɗaga tafin hannunsa bai ce sama ko ƙasa a ransa ba. Watan jiya aka sayar da jaridar ga wani attajiri na ɗaya ɓangaren. Ga 'yarsa a shafi na uku tana dariya, an rubuta cewa jaruma ce da ta tsaya wa marasa lafiya.

"Me ka gani ka yi tsit kamar an aiko maka da sammaci? Miƙo nan."

Yaya ya karɓa, ya kai shafin dab da hancinsa, ya karkata shi wajen haske. Ya daɗe yana kallo.

"Kai! Wannan ba 'yar nan taka ba ce? Ikon Allah. Ashe ta shiryu. Dubi fuska ta yi laushi, ta dawo kamar uwarta. Ai na faɗa maka, shekaru ne ke gyara mutum."

"Ba ta canza ba, Yaya."

"Ni da idona guda da rabi na ga ta canza, kai mai tabarau ba ka gani ba?"

Mai Hotuna ya tashi, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya durƙusa gaban tarin tsofaffin jaridun da Yaya ya hana a zubar, a bayan ƙofa. Bai yi dogon nema ba, ya san watan, ya san ranar. Ya kawo ya shimfiɗa su biyu a kan cinyar yayansa.

"Dubi rigar. Dubi biron da ke aljihunta. Dubi ƙofar asibitin a bayanta, ga ƙarfen nan da ya lanƙwashe. Rana ɗaya ce. Tsakanin wannan da wannan ko minti biyu babu."

Yaya ya riƙa kai ɗaya kusa da fuskarsa yana saukewa, yana ɗaukar ɗayan. Wata mota ta wuce a titi, gilashin taga ya yi rawa.

"To wa take wa ihu haka?"

"Mai gadi. An zo da wata mata a mota tana naƙuda, ƙofa a rufe. Cewa take a buɗe mata. Duk hotunan na gani a jere, har shigar motar."

"Ka gani." Muryar Yaya ta yi ƙasa. "To wane mara tsoron Allah ne ya zaɓi wannan ya ba su?"

"Ni ne."

Ba a yi tsawa ba. Yaya ya ɗora yatsansa a kan tsohon hoton, daidai wuyanta, yana shafawa a hankali kamar mai son kwantar da jijiyar.

"Ranar da ta yi rashin lafiya aka ce in je, na ce ba ni da 'ya mai kama da wannan," ya ce. "Kana zaune a nan. A nan kake, Auta."

"Ina nan."

"Shekara shida ina zagin yarinya, kana juya shafi."

Mai Hotuna ya miƙa hannu zai ɗauki jaridar yau, ko don a ci gaba da karatu, Yaya ya danne ta da gwiwar hannu.

"Bar ta. Na ji na yau."

"Gobe in zo?"

Yaya ya juya fuskarsa wajen taga, inda ba ya ganin komai sai fari.

"Ba ni za ka tambaya ba. Ka san hanyar asibiti. In ta yarda ta biyo ka, ku shigo tare, ina da abin da zan ce mata. In ba ta yarda ba, ka zauna a gidanka."

"In ta ƙi ko kallona fa?"

"Sai ka tsaya. Ai ka iya shiru."

Ya tsaya kaɗan ko za a ƙara wata magana. Ba a ƙara ba. Ya mayar da kujerar roba jikin bango, ya laluba takalminsa da ƙafa, ɗaya ya ƙi shiga sai da ya sunkuya. Sannan ya buɗe ƙofa ya fita.