Gwangwani Biyu a Teburin Tertius

Duk faɗin yankin Karoo babu mai ɗura harsashi kamar Tertius Liebenberg. Shi ya faɗa, kuma ba ya gajiya da faɗa. Shekara arba'in yana kiwon tumaki, yana raina harsashin kanti, yana auna albarushinsa a ɗakin ajiya kamar mai haɗa magani. Dokarsa ɗaya ce: gwangwanin albarushi guda tak a kan tebur.

Ran Alhamis da safe ya shiga, sai ga gwangwani biyu. Ɗaya na doguwar bindiga, ɗaya na ƙarama, wanda in ya shiga doguwa sai ta tarwatse a fuskar mai harbi. Ga kuma harsasan doguwar bindiga da ya ɗura jiya, na 'yarsa Elsabé, mai zuwa farautar barewa ran Asabar. Da wanne ya ɗura?

Ya lalubo gudumar kwance harsashi, ta roba mai rami a ka, wadda ya sha cewa ta 'yan koyo ce. Ya zura harsashi, ya murɗa murfi, ya maka ta a kututture. Ƙwam! Ƙwam! A bugu na huɗu dalmar ta fice, albarushin ya zube a cikin ramin.

Matarsa Ansie ta leƙo da kofi a hannu.

"Ikon Allah! Yau gwanin gwanaye ne da gudumar 'yan koyo? Bari in kira maƙwabta."

"Ke dai ajiye kofin ki tafi."

"In tafi ina? Wannan kallo ai ba kullum ba."

Ya juye garin a farin faranti. Na doguwa kamar guntayen tsinke yake, na ƙarama kamar dusa. Ya kai ido kusa, ya ja baya, ya goge tabarau da gefen riga. Baƙi-baƙi kawai yake gani. Tun bara idon ke masa haka, girman kai ya hana shi faɗa wa kowa.

"Ansie," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "zo ki duba min. Tsinke ne ko dusa?"

Ta dubi farantin, ta dube shi. Dariyar ta ɗauke.

"Dusa ce, Tertius."

Ya zauna a kan akwati. Kunya ta kama shi, amma tsoro ya fi ta yawa.

"Jibi da wannan za ta yi harbi," ya ce.

Ansie ta ajiye kofin, ta jawo sauran harsasan gabansa, ta miƙa masa gudumar. Ya karɓa, ya daɗe yana juya ta a hannu.

"In mun gama ki kira min yarinyar nan. Daga yau ita za ta riƙa aunawa."