Jarkokin da Aka Kwashe Miki, Jucélia

Tun safiyar Talata, 11 ga Maris, nake jin ana cewa wai ruwa ne ya ci Jucélia Bezerra. Wanda bai sani ba ya sani, ruwa bai ci ta ba. Matar da ke iyon kusan kilomita huɗu a teku, ta fito ta tuƙa keke kilomita ɗari da tamanin, ta sauka ta yi gudun arba'in da biyu, duk a yini guda, ba ita za ta nutse a gaɓar garinsu ba. Kwalekwalen inji na masu yawon shaƙatawa ne ya bi ta kanta tana atisaye.

Jucélia, shekara goma sha huɗu kina wannan sana'a. Kofi uku kika kawo mana gida, kika ɗaga tutarmu a ƙasashen da a taswira kawai nake nuna wa ɗalibaina. Duk da haka kowace Asabar kina bakin ruwa da 'yan matan ajina. Ranar farko na tsaya a yashi da takalmina, kika ɗaga murya: "Malama, jira kike kifi ya fito ya gaishe ki? Cire takalmin nan!" Ina da shekara hamsin kika koya mini iyo.

Sau shida kika rubuta wa ofishin tashar ruwa a ware wa masu iyo hanya. Shiru. Sai kika tara jarkokin man girki, kika shafe su da jan fenti, mahaifinki Seu Valdemar ya jera su a ruwa da igiyar komarsa, su zama alamar hanyar masu iyo. Aka aiko daga ofishin aka kwashe, wai babu izini, wai suna ɓata wa baƙi kallo. Kwana tara tsakani kwalekwalen ya bi ta kanki, direbansa ya ce bai ga wata alama ba. Ina zai gan ta?

Kuma furen da ya fi kowanne girma a jana'izarki daga ofishin nan ya fito. Ko kunya babu!

Yanzu iyaye sun hana 'ya'yansu shiga ruwa, ban kuma ga laifinsu ba. Amma idan muka bar gaɓar nan, an kashe ki sau biyu.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya ba Seu Valdemar da mahaifiyarki Dona Zuleide haƙurin rashinki.

Ran Asabar da hantsi ina bakin ruwa da fenti da igiya. Kowa ya zo da jarkarsa. Wanda bai iya iyo ba ma ya zo, ya cire takalmi. Ni zan riƙe shi, kamar yadda kika riƙe ni.