Mudun Hatimi da Furar Mahaifiyata

Shekaru masu yawa baya, lokacin da kuɗin wuri ke janyewa anini ke shigowa, ina saurayi mai ji da kaina, mahaifiyata tana sayar da fura a kasuwar ƙauyenmu, can yamma da Gumel. Tun rasuwar mahaifina, furar nan ce ke riƙe da gidanmu. Ni kuwa babban aikina shi ne gyara zaman hula.

Wata shekara damina ta yi gardama, gero ya yi tsada, rigimar awo ta yi yawa. Sai sarkin kasuwa ya kafa doka: kada a ƙara auna hatsi sai da mudun itace da ya buga wa hatiminsa. Ya raba wa ma'auna, kowa ya sa masa albarka. Dattijo ne mai kyakkyawar niyya, wannan ba zan hana shi ba.

Matsalar ita ce mahaifiyata ta san gero kamar tafin hannunta. Mudu ɗaya curin fura goma sha biyu yake ba ta. Da aka koma mudun hatimi, sai ya zama goma. Ta jure kasuwa uku, a ta huɗu ta tare sarkin kasuwa a gaban jama'a ta ce, "Ranka ya daɗe, mudun nan naka ba ya cika."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya ɗauka da shi take. Nan take ya yanke cewa kada ta sake sauke ƙwarya a kasuwa sai ta janye maganarta.

Mako biyu ba ciniki, tuwo ya fara raguwa a gida. Ni mai wayo sai na lallaɓa gidansa ba da saninta ba, na durƙusa na ce, "A yi mata uzuri, tsufa ne, lissafi ya fara kuɓuce mata." Ya ce ya ji, amma ta zo ta faɗa da bakinta. Na dawo ina jin na yi abin kai.

Kafin in san ta inda zan ɓullo mata, ta ce in ɗaura wa jaki akumari, Gumel za mu, wajen alƙali.

Na ce, "Haba Inna, mu da hukuma?"

Ta ce, "Ba hukuma nake ja da ita ba. Geron da na saya nake tambaya."

Alƙali ya saurare ta, ya aika a kira sarkin kasuwa, ya kuma sa a karɓo mudu daga hannun ma'auna. Ranar zama alƙali ya bayyana cewa doka ta ba duk mai saye damar a gwada masa mudu, ko hatimin wa ke jikinsa. Sarkin kasuwa ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, tsohuwar nan ruɗewa ta yi. Ɗanta ma ga shi nan, da bakinsa ya faɗa mini."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Alƙali ya dube ni ya ce, "Haka ne, samari?"

Ni ne ɗanta na fari. Saboda kara, ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta tsaya mini a gaban mutane. Amma ranar, ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, "A bar shi, Malam. Tsoro ya ji mini. A kawo ruwan zafi kawai."

Aka kawo, ta cika mudun, aka bar shi ya jiƙa. Can ta sa yatsa ta kankaro ƙasansa, sai ga wani baƙin abu yana ɓallowa, kaurinsa ya kai yatsu biyu. Ƙaro ne aka kwaɓa da dusa, aka shafe da baƙin tukunya ya saje da itacen. Ashe ta daɗe tana tsintar ɓurɓushinsa a cikin geronta, har ta ɗanɗana ta gane. Aikin ma'auna ne, dattijon bai sani ba.

Alƙali ya soke korar, ya ce a wanke duk mudun kasuwar a idon jama'a, kuma duk mai saye da ya yi shakka a gwada masa. Sarkin kasuwa ya dubi mudun, sannan ya juyo gare ta ya ce, "Iya, na zalunce ki. Ki yafe ni." Ta ce ta yafe. Kasuwa ta gaba ta koma wurinta, furarta ta ƙare kafin azahar.

Abin ya koya mini cewa hukuma ma tana kuskure, kuma wanda ya nemi a duba bai yi rashin kunya ba. Amma ba wannan ke damuna ba idan na tuna. Dattijon nan, da rawaninsa da girmansa, ya iya roƙonta gafara a gaban kowa. Ni kuwa na biyo bayan jakinta tun daga Gumel har gida ina shirya kalmomi, na ce sai mun isa, da muka isa na ce sai gobe. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma na lafe a bayan shirunta. Bayan damina huɗu Allah ya yi mata rasuwa. Yanzu na haura shekarun da take da su a ranar, kuma har yau ban ce mata ta yafe ni ba.