Inna Rabi da Dardumar da Aka Hana 'Yarta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ranar Talata da hantsi direban gidan da Inna Rabi take aiki ya kira ni, ya ce ta cika a asibiti bayan kwana huɗu tana fama da ƙirji. Na yi salati, na sanar da 'yan'uwa, muka yi mata wanka, maza suka kai ta makwancinta. Duk wannan na yi shi kamar wadda aka aika. Ban gane Inna ta tafi ba sai ranar uku, da na je gidan a unguwar Murabba, nan Riyad, karɓar kayanta. Aka tsayar da ni a bakin ƙofa, aka miƙo mini akwati ɗaya da leda. Ƙofar majalisi, wato falon baƙi, a buɗe take. Ina ɗaga kai sai ga dardumar da Inna ta shekara shida tana ɗinkawa, a bango, sama da kujerun Madam, uwar ɗakinta, an buga mata ƙusa huɗu a jiki. Da Inna tana numfashi, ba mahaluƙin da ya isa ya sa ƙusa a wannan zaren. A nan na gane ta tafi.

Ba ita ta haife ni ba. Ita 'yar Maraɗi ce, ni 'yar Damagaram. Na sauka Riyad ban san ko sannu da Larabci ba, ita ta koya mini yadda ake amsa wa uwar ɗaki, da inda mace take ɓoye iƙamarta, takardar izinin zama a ƙasar, kada ta ɓata. Duk Juma'ar da muka sami hutu a ɗakin wata 'yar'uwa a unguwar Oud muke haɗuwa, Inna ta dama mana fura, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ta kira uwarta a makon nan.

Shekara goma sha tara ta yi a gida ɗaya. Madam ɗinta mai son dardumar bango ce, kowane ɗaki da irin tasa, manya masu nauyi, kuma duk Inna ke kula da su. Ba ta yarda ruwa ya taɓa su. Buroshi mai laushi take sawa, ta shanya su a inuwa, inda zare ya tsinke ta mayar da shi har mai gida ba zai gane wurin ba. In za ta rataya, sai ta ɗinka dogon aljihu na yadi a baya, ta zura sanda, sandar ce za ta hau bango. Takan ce, "Nauyi in an raba shi ba ya yaga." Wata rana na ce mata wannan wahala duk a kan ado, sai ta harare ni ta ce, "Ke Hadiza, bango ma yana jin kunya in an bar shi tsirara."

Tata dardumar daban ce. Gidansu na Maraɗi ta ɗinka a kai, da zaure, da rijiya, da rumbu biyu, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Ba mutum, ba dabba, don ta ce ba za ta kori mala'iku daga ɗakin 'yarta ba. Zaren tare muke zuwa kasuwar Dira mu saya, ni ke riƙe mata leda tana ciniki da guntun Larabcinta har mai kanti ya gaji ya sallama. Lokacin da mutanen gida suke barcin rana, ita a ɗan ɗakinta na bayan kicin take zaune da allura. Don Zainabu take yi, 'yarta ta fari, wadda ta bari tana da shekara tara, ta yi aure Inna ba ta wurin jere. Ta ce tunda ba ta jera mata ko kwano ɗaya da hannunta ba, to za ta rufe mata bango guda.

Sau biyu ina roƙon ta ta ɗinka sunan Zainabu a gefe. Ta riƙe baki ta ce, "Ni in sa sunan 'yar fari da hannuna, kowa ya shigo ya karanta? Ke kam ba ki da ta ido." A iya zamana da ita ban taɓa jin sunan a bakinta ba, "yarinyar nan" take cewa. Hoto ma ta hana ni ɗauka, wai ba a nuna abin da ba a gama ba. Kunya ce irin ta iyayenmu, na yi dariya na ƙyale ta. Yau ina cizon yatsa.

Domin da na nemi ganin Madam, na ce mata cikin ladabi wannan ta 'yar marigayiya ce, abin da ta ce mini ke nan: "A gidana aka ɗinka, a lokacin aikina. Nuna mini sunan wata a jiki." Na ce zaren ni shaida ce. Ta ce, "Halas, magana ta ƙare," ta sa aka rufe ƙofa. Matar da Inna ta goya wa 'ya'ya huɗu. Kusurwar ƙasa da ba a ƙarasa ba, sun naɗe ta ciki, sun jingina tukunyar furanni a wurin.

Na Madam bai ci mini rai kamar na mutanenmu ba. Na kai kuka wurin Alhaji Sani, dattijon da muke kai wa matsala a Oud. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Hadiza, a kan tsumma za ki sa a soke miki iƙama? Ki bar wa Allah." Na ce, "Baba Alhaji, da babbar rigarka ce aka rataya a majalisin wani, tsumma za ka kira ta?" Ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Watakila haka ne. Amma wannan bakin nasa ya sha furar Inna shekara da shekaru, kuma abin da na roƙa bai wuce mutum biyu masu furfura su je su yi sallama da mai gidan ba. Na bar wa Allah, shi ma Allah ya ce a mayar da amana ga masu ita.

Allah Ya jiƙan Inna Rabi, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Allah Ya ba Zainabu da ƙannenta haƙurin rashin uwar da suka fi sani a waya. Mu da muka rage a gidajen mutane, Allah Ya kyautata ƙarshenmu.

Zainabu, kin tambaye ni a waya ko Inna ta bar miki wani abu, na ce akwai akwati. Ban faɗa miki duka ba, bakina ne ya yi nauyi. Uwarki ba ta iya kiran sunanki, amma shekara shida tana ɗinka miki gidanku da zare. Dardumar tana bangon wasu a Murabba, saura kusurwa ɗaya a gama ta, kuma har yau ban karɓo miki ba.