Mai Askin da Ya Fito a Talla

Madubi ake ce masa a unguwa, kuma ba don kyau ba, don Allah bai ba shi wannan ba. Mai aski ne, shagonsa kujera ɗaya da benci da wata fanka mai kuka kamar akuya. In ya gama maka aski sai ya ɗauko ƙaramin madubi ya kara maka a ƙeya, ka ga abin da ke can da idonka. Sauran masu aski cewa suke, "Kai, ka koma ango!" Shi kuwa sai ya ce, "Maigida, gashin nan ya fara sallama, sai haƙuri." Wasu sun yi fushi sun canza shago, daga baya suka dawo, don daɗin baki ma yakan ginshi mutum.

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wanki da guga take yi, da shi ta saya masa injin askinsa na farko. Abu ɗaya take alfahari da shi a duniya, tana kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare: ƙaninta ba ya ƙarya.

Wata rana babu wuta, babu mai zuwa aski ko ɗaya, sai ga wasu samari biyu da kyamara. Suka ce tallar wani wasan waya suke haɗawa, fuskar mutumin kirki suke nema. Suka sa masa kwat da agogon da ba ya aiki, suka ce ya rataye injinsa a ƙusa, ya ɗaga waya ya ce, "Da aski nake yi, yanzu wasa nake, kuɗi na shigowa. Ni shaida ne."

"Ana samu kuwa da gaske?" in ji Madubi.

"Wasu na samu," in ji mai kyamarar. "Kuma can ƙasashen waje za a nuna, wa ya san ka?"

Ya faɗa. Suka karɓe kwat da agogonsu, suka damƙa masa abin da ya isa sabuwar fanka. Ya saya kuwa, mai shiru, mai iska.

Ashe ƙasashen wajen har da layinsu. Ba a jima ba fuskarsa ta shiga kowace waya. Masu zuwa aski suka samu abin tsokana. "Attajiri, har yanzu kana taɓa kan talaka?" Sai ya yi yaƙe ya ci gaba da aikinsa. In wani ya matsa masa ko gaskiya ne, ya ce, "To, kowa da rabonsa." A nan ne fa ya lalace, don maganar farko yunwa ce ta sa shi, wannan kuwa kunya ce kawai. Har ƙaramin madubin ya daina ɗaukowa. In fankar ta hura masa iska sai ya ji kamar zaginsa take.

Ya daɗe yana kauce wa gidan yayarsa, sai da ta aika masa. Ya tarar da kayan mutane tsibi a kan tebur, dutsen guga ya yi sanyi. A gefe ga wata farar riga da tambarin dutsen a bayanta, ƙonanne. Ita kuwa tana kan kujera, waya dab da hancinta, tana jera 'ya'yan itatuwa masu launi da ɗan yatsa. Idanunta sun yi jawur.

"Auta, zo ka cire mini kuɗina daga wasan nan," ta ce. "Kullum sai su ce saura kaɗan. In na cika kaɗan ɗin, su ce in kalli talla ko in kawo mutane. Kai da ka san kan abin."

Kafin ya buɗe baki talla ta faɗo. Ga shi nan cikin kwat ɗin aro, yana cewa shi shaida ne. Yayar ta yi murmushi.

"Taka ba na tsallake ta ko an ba ni dama. Har ƙarshe nake kallo."

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya durƙusa gaban teburin gugar kamar lokacin yana yaro, ya gaya mata komai: kwat ɗin, agogon, fankar, da cewa bai taɓa buga wasan ba ko sau ɗaya.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta kashe wayar, ta dubi rigar da ta ƙone, ta daɗe tana dubanta.

"Rigar nan ni zan ji da mai ita," ta ce. "Amma matar mai kanti ni na sa ta a wasan nan. Da malamar makaranta, da mai kitso, da tsohuwar nan ta gidan ƙarshe da jikarta ke riƙe mata wayar. Babu wadda ta yarda da wasan. Ni na ce musu ƙanina ba ya ƙarya."

"Yaya, ki bari in kira su a waya."

"A waya ka ɗaura, ba a waya za ka kwance ba."

Ta yafa mayafinta ta fita, ya bi ta a baya, rana tsaka, mutanen layi na ɗaga masa hannu suna "Attajiri!" A ƙofar farko ta ƙwanƙwasa, ta ja gefe ta bar shi shi kaɗai a gaban ƙofar. Matar mai kanti ta buɗe, waya a hannunta, wasan na ta kiɗa. Tana ganinsa fuskarta ta washe.

"Lale da mai sa'a! Shigo, dama kai nake nema."