Harshen Yayana da Kujerar da Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran yayana bayan wata tara yana fama da ciwon daji a maƙogwaro. Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin ɗanɗana sigari a kamfanin taba na garinmu, inda abokan aikinsa suke kiransa Sikeli, don harshensa ba ya kuskuren awo. Ni ƙanwarsa ce, kuma da fushi nake wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

Yaya, kai ka riƙe ni bayan rasuwar Baba. Kullum ka dawo daga aiki sai ka tsaya a bakin ƙofa ka sauya riga, don kada warin taba ya tayar wa Inna da ciwon ƙirjinta. Duk wata kamfani yana ba kowane ma'aikaci kwalin sigari kyauta. Wasu su sayar, wasu su rabar. Kai kuwa sai ka farfasa naka cikin bokitin ruwa, ya kwana biyu, ka fesa wa shukokin maƙwabta don kashe ƙwari. Ban taɓa ganin ka miƙa wa wani ko kara ɗaya ba.

Sau ɗaya na shiga ɗakin aikinka. Ba taga, sai fanka a sama, da tebur, da kujera ɗaya, da kofin ruwa, da karare a jere an liƙe sunayensu an sa lamba. Zuƙa ɗaya kake yi ka faɗi wacce ce ta gida, wacce ce ta waje. Ka nuna mini cewa ta gida ganyenta tsagwaro ne, takardarta mai kauri, hayaƙinta yana kankare maƙogwaro, in aka ajiye ta ma sai ta mutu. Ta waje kuwa an jiƙa ganyenta da zaƙi da ƙamshi, filtarta doguwa ce mai ƙananan huji, hayaƙin ya shiga a sanyaye.

Shi ya sa raina ya ɓaci a zaman makoki. Gawarka ba ta kwana a ƙasa ba wasu suka buɗe mahawara a kan tabarma. Wani mai shago yana cewa, "Ai ta gida ce ta cuce shi, da ta waje yake sha da yana nan." Wani ya ce a'a, ta waje ce ake zuba wa magani. Kun ji marasa kunya! Mutumin da suke magana a kansa ya sha kowacce, da lamba da ma'auni, kuma dukansu suka taru suka cinye masa murya.

Amma kai ma, Yaya, ina da magana da kai. Da samari suka koma sayen ta waje, kamfani ya ba ka aiki ɗaya: ka gyara ta gida ta yi laushi irin nata. Shekara uku kana gwaji har ka dace, aka ba ka agogon bango da takardar yabo. Na yi maka faɗa a lokacin, ka ce aiki ne. Sai a asibiti, bayan an yi maka aiki murya ta tafi, ka ja katin magani ka rubuta mini a bayansa: "Da, ta gida tana sa sabon shiga tari har ya jefar. Ni na cire mata tarin. Kada wani nawa ya zauna a kujerar nan." Na yi kuka, na kuma ji haushinka, don ka makara da sanin abin da muka daɗe da sani.

Ranar uku sai ga manajan kamfanin da tawagarsa, turare yana tashi. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya dafa kafaɗar ɗanka na fari ya ce, "Harshe gado ne, yarona. Kujerar babanka tana jiranka." A gidan mamaci, a gaban matarka da take takaba! Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ɗaya bai ishe ku ba ne?" Ya yi murmushi irin nasu, ya ce baƙin ciki ne yake sa ni magana.

Da suka tafi na tsare ɗan naka. Shekara biyu ke nan da gama karatunsa ba aiki, ga ƙanne huɗu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, na ji. To me za mu ci?" Kamfanin ya ba shi zuwa ƙarshen watan nan ya ba da amsa. Katin nan dai na sa masa a aljihun riga da hannuna, kuma ga shi na fitar da maganar a fili, don kada gobe wani ya ce da yawun ubansa ya shiga ɗakin nan.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka biyar. Daga masu kamfanin kuwa ba na karɓar gaisuwa. Ya Allah, Ka buɗe wa yaron nan wata ƙofar kafin watan nan ya ƙare.