Hodar da Habibu Ya Sa Aka Goge

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, likitan tiyatar yara, kuma har yau ban daina kishinsa ba. Na san ba a faɗin haka game da mamaci, amma wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ba zai ɓoye shi ba.

Ni ne na yi yawon duniya. Na zauna a Kamaru da Sudan da Jidda, ina jin harsuna bakwai. Habibu kuwa daga makaranta ya dawo Keffi, bai ƙara motsawa ba. Da korona ta zo aka rufe hanyoyi, sai ya fara duba yaran da ya yi wa aiki ta wayar bidiyo. Idan uwar ba ta jin Hausa sosai, sai ya kira ni gidansa a Angwan Iya in yi tafinta.

Matanmu ba sa kai yaro gaban likita haka kawai, ko da ta waya ne. Sai an yi masa wanka, an sa masa kayan fita, an shafe shi da hoda. A Khartoum na ga ana kai yaro asibiti yadda ya tashi daga barci, amma mu nan kunya ce.

Wata rana Saratu, 'yar ƙabilar Mada daga Garaku, ta nuna mana cikin ɗanta mai shekara biyu, kwana shida bayan an yi masa aikin hanji. Cikin fari tas da hoda. Ban jira Habibu ba, na ce mata da Madanci ta kwantar da hankalinta, yaro ya warke.

"Yaya, me ka ce mata?"

Na faɗa masa.

"To, ka janye. Ka ce ta jiƙa tsumma mai tsabta ta goge."

Ƙarƙashin hodar, ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa. Habibu ya nemo musu takardar wucewa shingen jami'an tsaro, washegari aka sake shiga da yaron tiyata. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Yanzu a Abuja matasan likitoci suna tallan duba mara lafiya ta waya kamar jiya aka ƙirƙiro shi. Da yana raye, dariya zai yi, ya tambaye su ko sun san abin da uwa take shafa wa yaro kafin ta ɗaga waya. A nan shi nake taya kishi, don babu mai ambaton sunansa.

Amma Saratu tana ambata. Kowace kaka takan kawo wa matar Habibu doya, yaron yana biye da ita da kayan makaranta. Ni sai dai ta ce "sannu, Baba" ta wuce. Bana na kasa daurewa, na tare ta da Madanci, na ce ni ne muryar da take ji a waya.

Ta durƙusa da ladabi ta ce, "Ai na gane ka tun shekarar farko, Baba. Kai ne mai daɗin magana. Shi ne mai dubawa."

Na zaga ƙasashe da ido biyu, ƙanena ya zauna wuri ɗaya ya ga abin da ban gani ba. Allah ya jiƙanka, Habibu. Kishin kuwa, ina jin da shi za a kai ni kabari.